Tela Sai-Gobe da Muzurun da Ya Ɓoye Kayansa

Kakana tela ne, kuma ban taɓa jin ranar da ya gama ɗinki a lokacin da ya yi alkawari ba. Ka je karɓar wandonka, zai ɗago kai daga kan keke, ya dube ka ta saman tabarau kamar kai ne mai laifi, ya ce, "Saura maɓalli. Sai gobe." Da haka sunan ya bi shi. A gida Baba Tsoho muke ce masa, amma a layin shagunan in ba ka ce Sai-Gobe ba, ba wanda zai gane wa kake nema.

Hannunsa ne ya hana mutane gudu. In ya auna ka, ko daga baya ka yi tumbi, za ka tarar rigar ta san da zuwan tumbin. Shi ya sa za ka ga mutum ya zage shi yau, jibi ya dawo da sabon yadi a hammata yana gaisuwa.

Ba tela ya so zama ba tun farko. Aikin soja ya nema da ƙuruciya. Aka jingina shi da bango aka auna tsayinsa, aka ce ya koma gida ya ƙaro. Yakan ce tun daga ranar ya rantse shi ma sai ya ƙare rayuwarsa yana auna mutane yana faɗa musu inda suka gaza.

Ya auri kakata, wadda muke kira Iya, mace mai ƙarancin magana, amma in ta yi guda ɗaya sai ka kwana kana juya ta. Allah ya ba su 'ya'ya bakwai, duk mata. Duk sa'ad da Iya ta samu ciki, Baba Tsoho yakan ɗinka ɗan ƙaramin wando ya ajiye, wai na magajin shago. Wandunan nan bakwai suna nan a aljihun teburinsa, ba wanda ya taɓa sa su. Yana son 'ya'yansa, ba a magana, amma ya sha cewa a gidansa ko zakara ya saya, kafin ya iso ƙofa ya fara ƙwai.

Shagon ɗaki ɗaya ne. Keke biyu, ɗaya ya mutu tun kafin a haife ni amma an hana a taɓa shi. Teburin yanka, madubi mai tsaga a tsakiya da ke raba mutum biyu, dutsen guga, gwangwanin biskit cike da maɓallai, sai kanta har rufi da yadin mutane. Bango ɗaya ya raba shi da mai gyaran agogo, abokinsa na shekara da shekaru. Tare suke shan shayin safe, kuma ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba. Mai agogo yana da wani baƙin muzuru mai ido ɗaya da ke kwana a kan akwatin kayan aikinsa.

Wata rana da azahar Baba Tsoho yana zana alli a kan yadi, sai silin ya ɓalle, wata 'yar mage ta faɗo tsakiyar tebur da ƙura da komai. Ba ta kai tafin hannu ba. Ya ɗaga ta, ya gyara tabarau, ya ɗaga wutsiya ya leƙa. Wayam, ba komai.

"Ta takwas," in ji shi. "Ko daga sama aka jeho mini, mace ce."

Ya sa mata suna Auta. Ƙanwar mahaifiyata, wadda ta shekara talatin da wani abu tana riƙe da wannan matsayi, ta yi fushi na gaske, ta ce an sauke ta ba sanarwa.

Auta ta girma a cikin ƙyallaye. Madara da kifin gwangwani, abin da ko mu jikoki ba mu gani a hannunsa. Tana kwana a kan mataccen keke, tana bin zare, tana zama a kan duk yadin da yake shirin yankawa. In ya ce wa mutum sai gobe, yanzu ya samu sheda: "Ka ga ta kwanta a kai. Tashinta zan yi?"

Da ta doshi shekara sai abubuwa suka fara sauyawa. Kai ya yi girma, kumatu suka cika, wuya ya yi kauri. Muryar da ke "miyau" siririya ta koma kamar ana jan tsohuwar ƙofa. Sai kuma wari. Wani irin zarni mai shiga maƙogwaro ya kama shagon, ya kama kantar kaya, ya kama yadin mutane. Baba Tsoho ya yi shekaru yana shaƙar tururin dutsen guga, hancinsa ya daina aiki, shi ne na ƙarshe da ya sani.

Wanda ya sanar da shi wani lauya ne da ya kawo baƙar rigarsa ta kotu a gyara mata hannu. Ya karɓa da safe a gurguje, ya zura, ya wuce aiki. Da la'asar ya dawo da rigar a leda, ya riƙe ta nesa da jikinsa.

"Baba, me na yi maka? Ina tsakiyar magana alƙali ya sa a buɗe tagogi. Wanda nake karewa ma sai da ya matsa."

Baba Tsoho ya shinshina rigar, ya yanke hukunci nan take. Mage mace ba ta wannan ɗanyen aiki. Muzuru ke yi. Muzuru ɗaya ne kuwa a layin. Ya fita da rigar a hannu ya tsaya a ƙofar mai agogo.

"Wannan ɗan iskan naka mai ido ɗaya shi ke shigowa yana lalata mini kaya. Yana kuma bin yarinyata."

Mai agogo ya cire gilashin da ke maƙale a idonsa. "Yarinyarka? Wadda ta kore shi har kan rufi shekaranjiya? Ka dubi kan nan nata kuwa? Ko ni tsoronta nake."

"Gado ne. Uwarta babbar mage ce."

"A ina ka san uwarta?"

Daga ranar shayin safe ya rabu biyu, kowa na shan nasa a ƙofarsa yana kallon titi.

Ni na kama mai laifin. Na kai masa abincin rana, yana cikin ci, sai na ga Auta ta miƙe, ta yi miƙa, ta taka a hankali zuwa kantar kaya. Ta juya wa wani farin yadi baya, ta ɗaga wutsiya tsaye tana karkarwa, ta fesa masa, tana kallona ido cikin ido.

"Baba Tsoho, ga ɓarawonka."

Ya gani da idonsa. Ya ajiye cokali. "Ba ta da lafiya," in ji shi.

Iya ce ta rufe maganar da yamma, da ya shigo gida ta sa shi cire riga a tsakar gida. "Ko ka kai ta asibiti, ko ka kai katifarka shago ku ƙarasa tare."

Ni ke da mota, don haka ni na kai su asibitin dabbobi, Auta a cikin kwandon wanki an ɗaure bakinsa da ƙyalle. Likitar mace ce, ba ta fi ni shekaru ba, hannunta duk tabon yaƙushi. Ta ɗora Auta a kan teburin ƙarfe, ta duba haƙora, ta duba kunne, ta shafa kumatun nan. Sannan ta ɗaga wutsiya, ta daɗe tana taɓe-taɓe.

"Baba, wa ya ce maka mace ce?"

"Ni na duba da kaina. Shekarata nawa ina auna mutane."

"To matso ka ƙara dubawa." Ta ɗan matsa wurin da yatsu biyu, sai ga wani ɗan abu ja ya leƙo, jikinsa duk ƙananan ƙayoyi. Baba Tsoho ya ja da baya yana salati, ya dube ni, ya ce in juya baya. Ban juya ba.

"Namiji ne," in ji Likita. "Muzuru cikakke. Ƙayoyin nan ma ba sa fitowa sai maraina suna aiki."

"To ina... ina kayan?" Bai iya faɗin sunan a gabanta ba, sai ya nuna da haɓa.

Ta yi masa bayani dalla-dalla. Ɗan muzuru tun yana cikin uwarsa marainansa can sama suke, kusa da ƙoda. A hankali suke gangarowa, su bi ta wata 'yar kafa a matsematsi, su sauka cikin jaka. Wasu ɗaya ke maƙalewa. Na Auta duka biyun sun taso, ba su iso ba.

"Suna hanya ke nan?" in ji Baba Tsoho.

"Sai gobe," na ce.

Ya harare ni. Likita ba ta san labarin ba, ta ce a'a, a shekarunsa lokacin ya wuce, inda suke nan za su zauna.

Ban taɓa ganin fuskar kakana kamar yadda na gan ta a lokacin ba. Ya dubi muzurun nan da ke ƙoƙarin cizon safar hannun Likita, idonsa ya kawo ruwa. "Namiji," ya ce a hankali. "Ashe shekara guda ina zaune da namiji a shago ban sani ba." Ya shafa masa kai. "Ka yafe mini, ɗana. Na yi ta ce maka yarinya a gaban mutane."

"Sai dai za a yi masa tiyata a cire su," in ji Likita.

Hannunsa ya tsaya a kan muzurun. "A cire me?"

"Marainan."

"'Yata, yanzu fa kika ba ni shi. Ko zama ban yi ba za ki karɓe?"

Ta ce a cikin ciki zafi ya yi musu yawa, ba za su ba shi 'ya'ya ba. Abin da kawai suke iyawa shi ne su sa shi fitsari a kaya, da faɗa, da yawon banza. In aka bar su kuma, suna iya murɗewa ko su rikiɗe su zama ƙari.

Baba Tsoho ya yi tunani irin na masu sana'a. "To me zai hana ki sauke masa su? Ko wando in ya ɗage ai ba yanke ƙafar ake ba, kalmasa ake saki."

"Ba a yi wa mage haka, Baba. Igiyarsu gajera ce, kuma ko an jawo su ba abin da za su ƙara masa sai wari."

Ya mayar da Auta cikin kwando da kansa. "Za mu yi shawara."

Ba shawarar da aka yi. Abin da aka yi shela ce. Kafin yamma duk layin ya ji cewa Sai-Gobe ya samu ɗa namiji. Ya bugo wa 'ya'yansa waya ɗaya bayan ɗaya. Ƙanwar mahaifiyata ta tambaya ko za a mayar mata da sunanta tunda abin ya zama haka, ya ce a'a, Auta ai ba ya da mace ba ya da namiji. Ya je ƙofar mai agogo da kofin shayinsa, ya zauna ba tare da an ce ya zauna ba. Wannan shi ne ban haƙurinsa.

"Ashe naka ba shi da laifi," in ji shi. "Nawa ne. Ka san namiji."

"Namijin da ba a gani?"

"Nasa a ciki suke. Mai kunya ne, ba kamar naka da ke yawo da su a fili ba."

Iya kuwa ta ƙi sauya baki. "Ta ci abinci?" take tambaya. In ya ce "ya ci," sai ta ce ita sai ta gani da ido.

Likita ta kira ni ta ji yaushe za mu zo. Na miƙa masa wayar, ya ba ta amsar da ya saba ba kowa. Haka muka yi ta yi. A tsakanin nan Auta ya ci gaba da nuna mazantaka. Ya fesa wa labulen wata makaranta da aka kawo a kalmasa. Ya fesa wa madubi, wato ya fesa wa kansa. Masu kawo ɗinki suka koma tsayawa a bakin ƙofa suna miƙo yadi da tsawon hannu, wasu suka daina zuwa. Baba Tsoho ya sayi turare ya yi ta fesawa, warin biyu suka haɗu suka haifi na uku.

Sannan Auta ya ɓace. Da ya dawo, kunne ɗaya a yage, kumatu ya kumbura da ruwa, yana ɗingishi, ya ƙi ko kallon kifi. Ya haye mataccen keke ya kwanta yana numfashi sama-sama. Baba Tsoho ya wuni zaune a gabansa, bai taka keke ba ko sau ɗaya. Da na zo, bai jira na yi magana ba.

"Ɗauko motar."

Likita ta wanke ciwon, ta yi allura, ta ce ba za ta taɓa shi da wuƙa ba sai ya warke. Ba ta ce "na faɗa maka" ba, abin da ya fi ba shi haushi, don ya shirya amsa. Da ya warke ta sa rana, ta ce kada a ba shi abinci kafin a kawo shi. Da safen nan Auta ya yi ta zagaya kwanonsa yana ihu, Baba Tsoho ya toshe kunnensa da auduga, shi ma ya ƙi shan shayi, wai ba za a ce ya ci amanar ɗansa da cikakken ciki ba.

A asibiti ya nemi a bar shi ya shiga ya tsaya a kan aikin. Likita ta ce in shi yana barin masu kaya su tsaya a kansa yana yanka, ita ma za ta bar shi. Ya koma benci. Kusa da shi wani mutum ne riƙe da kare mai gudawa, ya tambaye shi me ya kawo shi.

"Ɗana ake wa aiki."

Mutumin ya dubi allon ƙofa, ya dubi Baba Tsoho, ya ja karensa ya matsa ƙarshen benci.

An ce mu dawo da la'asar, muka ƙi tafiya. La'asar na yi kuwa Likita ta fito tana cire safa, ta ce an gama lafiya, yana farfaɗowa daga allurar barci. Baba Tsoho ya yi mini raɗa cewa aikin da aka gama a kan lokaci abin tuhuma ne.

Ta zaunar da mu ta faɗi yadda aka yi. Na hagu bai ba ta wahala ba, a matsematsi ta same shi, ƙarƙashin fata, ya ɓuya a cikin kitse. Ɗan tsagi kaɗan ta fito da shi, ta ɗaure jijiyar, ta yanke. Na dama ne ɗan taurin kai. Sai da ta buɗe ciki ƙasa da cibiya, ta ɗaga mafitsara, ta nemo siririn bututun da ke tafiya zuwa gare shi, ta yi ta binsa a hankali har ta kamo shi a bayan hanji.

Baba Tsoho ya gyara zama, ya manta yana makoki. "Kamar zariyar da ta shige cikin ƙugun wando."

"Haka dai, Baba."

"Ai aiki ne na haƙuri. Wasu sai su farke wandon gaba ɗaya."

Ta kawo su a ɗan faranti na ƙarfe mu gani. Biyu ne, kowanne bai wuce ƙwayar wake ba, na cikin ma ya fi ƙanƙanta. Ya daɗe yana kallo.

"Duk rashin mutuncin nan daga nan ya fito? Har da rigar lauya?"

Da na ba Iya labari a gida, ba ta ko ɗago daga tsintar shinkafa ba. "Ai kullum haka abin yake," in ji ta.

Aka fito da Auta, cikinsa a aske fari tas, an sa masa wani abin roba a wuya kamar mazurari don kada ya lashi wurin. Baba Tsoho ya sa tabarau ya sunkuya duba ɗinki. Na san da niyyar kushe ya sunkuya. Ya duba, ya ƙara dubawa, ya juya muzurun wajen haske. Layi ne siriri miƙaƙƙe, ko zare ɗaya ba a gani.

"Ina zaren?"

"A ciki yake, ƙarƙashin fata. Ba sai an cire ba, da kansa zai narke."

"Zaren da ke narkewa," in ji shi. "Da ni na ɗinka wa mutum wando da shi, da ina gidan yari."

A mota, da muka kusa gida, ya juya kai gefe. "Hannunta ba laifi," ya ce da taga. Ban taɓa jin ya faɗi haka a kan wani mai riƙe allura ba.

Mazurarin nan bai yi wa Auta daɗi ba. Ya yi ta karo da ƙafar tebur, ya maƙale tsakanin keke da bango, ya kasa kai baki cikin kwano. Baba Tsoho ya buɗe aljihun tebur, ya ciro ɗaya daga cikin ƙananan wandunan nan, ya farke shi, ya fitar da wurin wutsiya, ya mayar da shi 'yar riga mai rufe ciki. Na ɗauki hoto na tura wa Likita, ta ce ya yi, in dai ba zai kai harshe wurin ba. Auta ya yi kwanaki yana yawo a layin sanye da wando mai aljihu, mai agogo yana tashi tsaye duk sa'ad da ya wuce.

Warin bai tafi rana ɗaya ba, amma ya tafi. Muryar ta sauko, yawo ya ƙare, kumatu suka saɓe, ƙiba ta koma ciki. Shi da baƙin muzurun suka koma kwanciya wuri ɗaya suna shan hantsi a bakin ƙofa, ba mai kula kowa. Masu ɗinki suka dawo har cikin shago. Lauyan ne kawai bai ƙara takowa ba.

Bayan 'yan shekaru Baba Tsoho ya sunkuya zai ja mataccen keken nan don ya ɗauko almakashin da ya faɗa bayansa, sai ya ji wani abu ya ɓalle masa a mara. Aka ce ƙaba ce, sai an yi tiyata. Ya ce ya ji, amma shi ya san wadda za ta yi masa. Duk yadda muka yi da shi ya ƙi, sai da na kai shi asibitin dabbobi ya faɗa mata da bakinsa.

Likita ta yi dariya har da riƙe tebur. "Baba, ni izinina na masu ƙafa huɗu ne."

"Ina iya rarrafe."

A asibitin mutane aka yi masa. Ni da Iya muna gefen gado lokacin da ya fara farfaɗowa, wata nas tana gyara masa ƙarin ruwa. Bai buɗe ido ba tukuna, bai san inda yake ba, amma muka ga hannunsa na dama ya lallaɓa a hankali ya shige ƙarƙashin bargo. Ya ɗan jima a can. Sannan ya sauke ajiyar zuciya, ya fito da hannun.

"Suna nan," ya ce da muryar barci.

"Kwantar da hankalinka," in ji Iya. "Ko a bakin titi aka ajiye su ba mai ɗauka."

Nas ɗin ta saki robar ruwan ta fita da sauri, muna jin dariyarta a baranda. Baba Tsoho ya buɗe ido ɗaya, ya dubi Iya, ya tambaya ko an ce zai iya shan shayi.